Babi na Biyar: Abin da Mari Ba Ya Ɗaurewa

A ƙarshen watan Satumbar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk shatin bulala. Cikin makonnin da suka biyo baya aka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya, har da Ilorin. Jama'a sun yi Allah wadai, kuma abin ya kai a yi. Sai dai hayaniyar ta rufe wani abu da ya fi hotunan nauyi: yawancin waɗanda aka fito da su ba sato su aka yi ba. Iyaye da dangi ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗin ajiya, kuma da dama daga cikinsu shaye-shaye ne ya kai su. Uban da ya kai ɗansa gidan mari galibi ba mugu ba ne. Mutum ne da ya yi nasiha ba ta ci ba, ya yi faɗa, ya yi duka, ya nemo rubutu da tofi, yana kallo kayan ɗakin uwar yaron suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rasa inda zai sa kansa. Kuma abin da ya yi ya ginu ne a kan wata fahimta da kusan dukkanmu muka tashi da ita: ƙwaya tana cikin jiki ne, taurin kai ke riƙe da ita, don haka in aka tsare yaro wata uku ko shida har ta bar jininsa, ya kuma ji a jikinsa, an gama. Wannan fahimta ita ce a bayan mari, ita ce a bayan kurkuku, ita ce kuma a bayan yawancin matakan da hukuma ke ɗauka. Ina ganin kuskure ce, kuma kuskuren da ke cin rayuka, domin fitar ƙwaya daga jini shi ne ɓangare mafi sauƙi a aikin.

Harshenmu ya riga likitoci gane wannan. Bahaushe yana cewa jarabar taba, jarabar goro, jarabar caca, jarabar mata, da kalma ɗaya, ba tare da ya damu da ko abin ana shan sa ne ko aikata shi ake yi ba. Kalmar ma tushenta ɗaya da jarrabawa, wato abin da ake gwada mutum da shi. Alƙur'ani ya ambaci giya da caca tare a Suratul Baƙara aya ta 219, ya sake haɗa su a Suratul Ma'ida aya ta 90. Ilimin likitancin zamani sai a 2013 ya iso wurin, lokacin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da cutar caca cikin rukuni ɗaya da shaye-shaye a kundinta na tantance cututtuka. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin kwamfuta da waya a matsayin cuta. Alamomin da ake dubawa ba su sauya daga wannan nau'i zuwa wancan: mutum ya kasa riƙe linzamin abin, abin ya ture sauran al'amuran rayuwarsa gefe, sannan ya ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da idonsa. To, matashin da ke zuba kuɗin jarinsa a cacar ƙwallo ta waya, ya ci bashi ya ƙara, ya sayar da babur ya ƙara, babu ɗigon wani abu da ya shiga jininsa. Me za a tsare shi ya fita daga jikinsa? Duk da haka idonsa in ya ga allon wasa, da rawar jikinsa in an hana shi, da ƙaryar da yake yi wa matarsa, duk irin na ɗan ƙwaya ne. Ta ɗaya gefen kuma, mai ciwon daji da likita ya ɗora a kan mofin wata da watanni jikinsa yakan saba, in an yanke masa farat ɗaya zai sha wuya, amma yawanci ba ya sata don ya samu, ba ya barin iyalinsa dominsa. Sabon jiki daban, jaraba daban. Ba kuma kowane sabo ne jaraba ba, ko da kuwa muna kiran sa haka a bakin wasa. Mai son shayi da yamma ba mara lafiya ba ne. Ma'aunin shi ne ɓarna da kasa tsayawa.

Inda jaraba take zaune an fara hango shi ne a 1954, a Jami'ar McGill da ke Kanada, inda James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya a wani lungu na ƙwaƙwalwar ɓera, suka ba shi ɗan madanni da in ya taka zai aika wa lungun ƙaramar wutar lantarki. Ɓerayen suka dinga takawa ba ƙaƙƙautawa. Daga baya aka gano cewa wani sinadari da ake kira dofamin ne ke aiki a wannan hanya, kuma shekara da shekaru ana ɗauka shi ne sinadarin jin daɗi. Binciken Wolfram Schultz a kan birai ya nuna abin ya fi haka: dofamin yana tashi ne in aka samu alherin da ba a zata ba, in kuma alherin ya zama sabo, sai tashin ya koma kan alamar da ke zuwa kafinsa. Ma'ana aikinsa koyarwa ne, yana cewa ga inda abin yake, ka riƙe hanyar, ka dawo. Da wannan tsari yaro ke koyon nono, manomi ke koyon gajimaren da ke kawo ruwa. Ƙwayoyi suna bugun wannan hanya da ƙarfin da abinci da sauran halal ɗin rayuwa ba sa kaiwa, caca kuma tana bugun ta da rashin tabbas, domin ci na zuwa ne ba a san ranarsa ba. Shaida mai ƙarfi ta fito daga inda ba a zata ba: wasu masu cutar karkarwa ta Parkinson, dattawan da ba su taɓa caca ba a rayuwarsu, da aka ba su magungunan da ke kwaikwayon dofamin sai suka faɗa caca, da aka rage maganin sai abin ya lafa. A 1993 Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Michigan suka raba abu biyu da muke haɗawa, wato sha'awar abu da jin daɗinsa. A wurin wanda ya kamu, daɗin yana raguwa kullum, ƙishin kuwa yana ƙaruwa. Shi ya sa wanda ya daɗe a harkar zai ce maka shi yanzu ba ya cakewa, yana sha ne don ya dawo daidai, kuma gaskiya yake faɗi. Ya tashi daga neman daɗi ya koma gudun azaba.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne abin da ƙwaƙwalwa ta koya ba sunan ƙwaya ba ne kaɗai. Ta koyi kwanar da ake haɗuwa, da ƙarar babur ɗin abokin da ke kawowa, da shagon kemis ɗin da ba a tambayar takardar likita, da kwalbar lemon da ake juye kodin a ciki, da lokacin bayan la'asar, da irin ɓacin ran da ke sa a nema. Kowanne daga cikinsu ya zama maɓalli. Ana iya tsare mutum shekara guda jininsa ya yi fes, amma maɓallan suna nan a waje suna jiran sa, kuma kulle ba ya goge abin da aka koya. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Kafin maɓalli kuma akwai dalili. Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi ne, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Mutum ɗaya cikin huɗu mace ce, kuma a shan maganin tari maza da mata kusan kunnen doki suke. Akwai wani adadi a binciken da ba a cika ambata ba: ɗaya cikin biyar na masu shan ne ya kai matakin cuta. Ke nan taɓa ƙwaya kaɗai ba ya wadatar da kamuwa. Akwai gado, wanda binciken tagwaye ya nuna yana ɗaukar kusan rabin haɗarin, akwai ƙuruciya, domin sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka burki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, akwai kuma aikin da ƙwayar ke yi wa mai shan ta. Wannan na ƙarshe shi muka fi kauda kai daga gare shi. Lebura da ɗan dako da mai haƙar zinariya ba don nishaɗi suka fara tramol ba. Sun fara ne don su yi aikin mutum biyu a biya su kuɗin da zai kai gida. Direban da ke kwana a hanya yana neman abin da zai hana shi barci, matar da kishi ko saki ko kaɗaici ya hana ta runtsawa tana neman abin da zai sa ta yi. Wanda ya ga an kashe nasa a gabansa a Borno ko Zamfara yana neman abin da zai kashe hoton. Ƙwaya mugun magani ce, amma magani ce ga wani ciwo na gaske, kuma duk wanda ya ƙwace ta bai taɓa ciwon ba ya bar gurbi a buɗe.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga yaƙin Biyetnam. A 1971 hankalin Amurka ya tashi da labarin cewa sojojinta a can sun faɗa shan hiroyin, ana fargabar dubban 'yan ƙwaya masu horon bindiga za su dawo su cika birane. Gwamnatin Nixon ta sa dokar gwada fitsarin kowane soja kafin ya hau jirgin gida, ta kuma ɗora wa Lee Robins, malama a Jami'ar Washington da ke St. Louis, alhakin bin sawun waɗanda suka dawo. Ta zaɓi sojojin da suka baro Biyetnam a Satumbar 1971, ta yi hira da kusan 900 daga cikinsu. Kimanin ɗaya cikin uku ya taɓa hiroyin a can, ɗaya cikin biyar kuma ya kamu. Abin da ta gano bayan dawowarsu ya saɓa wa duk abin da likitocin lokacin suka sani, har wasu suka ƙi yarda: cikin waɗanda suka kamu, kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, cikin shekara uku kuma kashi 12. Yawancinsu ba su sami wata jinya ta a-zo-a-gani ba. Har ma kusan rabinsu sun sake ɗanɗana hiroyin a Amurka, amma mafi yawa ba su koma kamuwa ba. A daidai wannan lokaci, masu shan hiroyin na cikin Amurka da ake kwantarwa a asibiti a wanke su, yawancinsu kan koma cikin 'yan watanni. Ƙwayar ɗaya ce, jikin ɗan Adam ɗaya ne. Bambancin shi ne sojan ya bar komai a baya lokaci guda: tsoron mutuwa, zaman kashe wando a sansani, abokan sha, ƙwaya mai arha mai kyau da ake samu a bakin ƙofa. Ya dawo ga uwa da budurwa da aiki ko makaranta, a garin da hiroyin ke da tsada da wuyar samu. Wanda aka sallama daga asibiti kuwa ya koma layinsu ne.

Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Malamai ma suna kawo hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari yana neman tuba, wanda masanin da ya tambaya bai tsaya ga ce masa ƙofa a buɗe take ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsa ya koma wurin mutanen kirki. Sai dai kada a ɗora wa labarin Biyetnam abin da ya fi ƙarfinsa. Waɗancan samari ne masu lafiya da aka tantance kafin a ɗauke su soja, kamuwarsu ba ta daɗe ba, kuma Robins da kanta ta lura cewa waɗanda suka fi komawa su ne masu tarihin shaye-shaye da rigima tun kafin su shiga soja. Ba kowa ke warkewa da sauyin wuri ba, ba kuma kowa ke da inda zai koma ba. Darasin da za a iya ɗauka da tabbaci shi ne hali ba zanen dutse ba ne a wannan fage, kuma abin da ke jiran mutum a waje ya fi abin da aka yi masa a ciki tasiri. Akwai ma wani haɗari da iyaye ba su sani ba. Wanda aka tsare, juriyar jikinsa ga ƙwaya tana sauka. In ya fito ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya nuna cewa a makonni biyun farko, haɗarin mutuwarsu ta hanyar zarce ƙima ya ninka na sauran jama'a fiye da sau ɗari. Ranar da dangi ke murnar an dawo da yaro fes ita ce farkon kwanakin da ya fi kusa da kabari.

Za a ce, kuma masu hankali ne ke faɗa, kiran wannan abu cuta wanke mai laifi ne. Zazzaɓi shi ke zuwa wa mutum, ƙwaya kuwa mutum ne ke zuwa mata da ƙafarsa da kuɗinsa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Akwai gaskiya a nan da bai kamata a murɗe ta ba. Shan farko zaɓi ne, kuma ko wanda ya yi nisa bai zama dutse ba. An gwada ba masu shan hodar iblis 'yar lada duk lokacin da gwajin fitsarinsu ya fito babu ƙwaya, kuma hanyar ta yi aiki, har tana cikin mafi inganci ga wannan nau'i. Da zaɓi ya mutu gaba ɗaya da lada ba ta yi tasiri ba. Abin da ya faru shi ne sikelin zaɓin ya karkace, ana auna abin yanzu da nauyi, na gobe da sauƙi. Amma dubi ciwon sukari da hawan jini. Su ma gado da abin da mutum ke ci da yadda yake rayuwa suna da hannu a cikinsu, su ma mai su yakan karya dokar likita ya koma gidan jiya, kuma ba mu taɓa cewa a ɗaure mai sukari don ya sha lemo ba, ba mu kuma ce ba ruwansa da kula da kansa ba. Wani nazari da Thomas McLellan da abokansa suka buga a 2000 ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 na masu jinyar shaye-shaye kan koma, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi. Kiran abin cuta bai sauke wa mai shi nauyi ba. Ya sauya masa nauyin ne, daga nauyin jin kunyar abin da ya wuce zuwa nauyin neman magani da riƙe shi. Kunya kuwa, a wannan ciwo, itace ce a wuta, domin tana cikin abubuwan da ake sha don a manta.

Wasu kuma za su ce ai matsalar ƙarancin imani ce, maganinta tuba. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Mutane da yawa sun tsira ta wannan ƙofa, kuma addini yana ba mai fita abubuwan da asibiti ba ya iya bayarwa: dalilin tashi da asuba, jama'ar da yake gani sau biyar a yini, da tabbacin cewa abin da ya wuce ana yafe shi. Abin da nake ja da shi shi ne ɗaukar tuba a matsayin abin da ake yi sau ɗaya da bulala. Ita kanta giya ba a haramta ta dare ɗaya ba. An fara da bayyana cewa cutarta ta fi amfaninta, sannan a Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, wanda ya raba yinin mashayi gida-gida, sai daga baya hani na ƙarshe ya sauka, kuma ya sauka ne a kan al'ummar da aka shafe shekaru ana gina ta. An ruwaito daga Nana A'isha cewa da hanin giya ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su bari ba. Bukhari kuma ya kawo labarin wani sahabi da ake ta kawowa saboda sha, an hukunta shi ya koma, har wani ya la'ance shi, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. Mutumin yana komawa, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Mu kuwa sau da yawa in ɗan ƙwaya ya shigo masallaci, takalmanmu muke fara dubawa.

Saura masu cewa a toshe hanyar shigowa kawai. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da rahotonsa a kan kodin, kuma kashegari, 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Matakin ya dace, domin abin da ya yi arha ya yi kusa shi yara ke fara taɓawa, kuma labarin Biyetnam ma ya nuna tsada da wuyar samu suna da tasiri. Aikin da hukumar NDLEA ke yi a tashoshin jiragen ruwa da kan iyaka, tun kafa ta a 1989, ba abin rainawa ba ne. Amma hani yana kare wanda bai fara ba ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Shi wannan sai ya biya ninki, ko ya sauya. A 2018 ɗin ce ma Indiya ta tsaurara dokar fitar da tramol, wanda ake shigowa da shi mai ƙarfin miligiram 225 alhali na asibiti 50 ne ko 100. Zuwa Fabrairun 2025 sai ga wani rahoton na BBC yana nuna yadda wata sabuwar ƙwaya, haɗin tafentadol da wani maganin sassauta jijiya, ta cika kasuwanni daga Nijeriya har Tamale a arewacin Ghana. Muddin ƙishin yana nan, ɗan kasuwa zai nemo kwalba.

To me ke aiki? Matakin farko, yaye jiki, aikin asibiti ne, kuma ba don jin daɗin mai jinya ba. Wanda ya daɗe yana shan giya ko roci ko diyazafam, yanke masa farat ɗaya na iya jawo jijjiga da ruɗewa har da mutuwa, don haka a hankali ake saukar da shi. Ga masu hiroyin da danginta akwai magunguna irin su metadon, wanda Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara gwadawa a New York a tsakiyar shekarun 1960, da bufrenofin. Ana sukar su da cewa sauya ƙwaya da ƙwaya ne, kuma a fuska haka abin yake. Sai dai in ma'aunin jaraba ɓarna ne da kasa tsayawa, mutumin da ke karɓar adadi ƙayyadadde daga hannun likita, ba ya buguwa, ba ya sata, yana zuwa aiki, ya fita daga ma'aunin. Kuma bincike da yawa sun nuna cewa waɗannan magunguna suna rage mace-mace da kusan rabi. Bayan jiki sai babban aikin, wato koyon zama da maɓallan: mai jinya ya san lokutansa da wurarensa da irin ɓacin ran da ke tura shi, ya tanadi abin da zai yi in ƙishin ya taso, domin ƙishi yana hawa ne ya sauka in aka daure masa. A duba kuma ko akwai ciwon damuwa ko firgici a ƙasa, a magance shi tare. Sannan jama'a. Ƙungiyar mashaya giya masu taimakon juna da Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka fara a garin Akron na jihar Ohio a 1935 ba ta da wani sirri da ya wuce wanda ya fita yana riƙe hannun mai fita, kuma wani babban nazari da aka yi a 2020 ya nuna tana kai mutane ga barin giya daidai da sauran hanyoyin jinya, a wasu wuraren ma ta fi. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne yadda likitocin Amurka ke jinyar 'yan'uwansu likitoci da suka kamu. Ba sa sallamar su bayan wata guda. Ana bin su shekara biyar da gwaji ba sanarwa, da zaman tattaunawa, da sharaɗin cewa lasisin aikinsu na rataye da hakan. Wani bincike na 2008 a kan kimanin 900 daga cikinsu ya samu fiye da kashi uku cikin huɗu suna riƙe da lasisinsu suna aiki bayan shekara biyar. Akwai tsanani a tsarin, amma tsananin yana tafiya da dogon lokaci da abin da mutum zai yi asara in ya koma, wato aiki da mutunci.

Nan ne maganar ta dawo gida da nauyinta. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A Arewa akwai asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, da sassa a asibitocin koyarwa, amma gadajensu ba za su ɗauki ko ɗan yanki na kusan mutum miliyan uku da binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ce sun kamu ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kare haƙƙin mai jinya a takarda, amma rufe gidan mari ba tare da buɗe wata ƙofa ba mayar da uban da ya kai ɗansa can ne inda ya fito. Sai dai in hujjar babin nan ta tsaya, mafi yawan abin da ke riƙe mai fita ba a asibiti yake ba. Yana hannun maigidan gareji ko ɗinki da zai karɓe shi koyon sana'a yana sane da tarihinsa, ya sa masa ido ba tare da ya tozarta shi ba. Da kawun da ke wani gari da zai riƙe shi shekara ɗaya ko biyu nesa da tsohuwar majalisarsa, wanda al'adarmu ta riƙo ta sauƙaƙa tun fil'azal. Da limamin da zai sa shi a sahu. Da iyayen da za su daina biya masa bashin dila amma ba za su rufe masa ƙofa ba, in kuma ya zame su ɗauka alama ce ta a ƙara jinya, su mayar da shi ga likita a makon. Waɗannan duk namiji ne ke samun su, in an samu. Mace mai shan kodin kuwa ɓoye ta ake yi, domin fitar maganar na nufin mutuwar aurenta ko rasa manemi ga ƙannenta, kuma shi ya sa, duk da cewa ɗaya cikin huɗu na masu sha mata ne, ƙalilan ne daga cikinsu ke isa wurin jinya. Tata jinyar sai an kai mata inda take zuwa ba tare da an tambaye ta dalili ba, wato asibitin awo da na yara da makarantar Islamiyya ta matan aure, kuma a bakin mata 'yan'uwanta da aka horar su tambaya a asirce.